Mahaifina ya samu sauƙi, zai iya daina shan maganin tarin fuka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Babanmu ya yi sama da wata ɗaya yana tari, ga zufar dare, ga rama. A asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu aka gwada majinarsa, aka ce tarin fuka ne. Yau wata biyu yana shan magani, tarin ya tsaya, har tuwo yake ci sosai. Yanzu ya ce ya warke, ƙwayoyin sun ishe shi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Ma'aikacin Lafiya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada Baba ya daina. Wata 6 ake sha: wata 2 na farko haɗin magani huɗu, sauran wata 4 haɗin biyu. Sauƙin da ya ji ba warkewa ba ne, ƙwayar cutar tana nan. Idan ya tsaya za ta iya dawowa ta bijire wa magani, jinyar ta ƙara tsawo da wahala. Maganin kyauta ne. Ki raka shi a sake gwada majinar.

Ɗan Kurna:
Ni ma na sha. Fitsarina ya koma ja, na tsorata, ashe aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin haɗin. Ƙanwata ce ke miƙo min kullum da asuba, har na gama.

Ma'aikacin Lafiya:
Na manta, akwai yara a gidan? A kai kowa a duba, akwai maganin rigakafi. A riƙa buɗe tagogi.

Uwar Biyu:
Tagwayena kullum suna ɗakinsa. Gobe Litinin za mu je gaba ɗaya, in sha Allahu. Na gode.