Baba ya ce sai likitanci, ni kuma Kemistiri ta tsaya min a wuya

Ɗan SS3, Argungu:
Assalamu alaikum. Rajistar JAMB ta ƙarato, har yanzu ban san abin da zan cike ba. Baba ya ce sai likitanci. Ina ƙoƙari a Lissafi da Bayoloji, amma D7 na samu a Kemistiri a jarrabawar gwaji. Abin har barci yake hana ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin kimiyya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka. Likitanci a JAMB darussa huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ana kuma neman kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Lissafi, jami'o'i da yawa ma a zama ɗaya suke so. Kiredit a C6 yake tsayawa, D7 ba ta shiga. Gurabun kuma ƙayyadaddu ne, shi ya sa ko mai maki sosai kan rasa.

Sai dai guje wa Kemistiri ba mafita ba ce. Aikin jinya, harhaɗa magunguna, injiniyanci, har noma, duk suna nemanta. Tunda kana jin Lissafi, fara da lissafin mole (ma'aunin yawan sinadari) da daidaita ikweshan na sinadarai, nan maki yake a sauƙaƙe. Ka riƙa yin tsofaffin tambayoyi 40 a zama ɗaya kana duba agogo, domin 40 ɗin za a ba ka na Kemistiri a JAMB. Wanda ka faɗi, koma littafi ka gano dalili, kada ka haddace amsa.

Yaya daga Jega:
Ƙanena, kula da wajen cikewa. Sunanka da ranar haihuwa na NIN su dace da na takardun makaranta. Kada ka bar wani ya zaɓa maka darussa a cibiyar rajista, ka karanta allon da idonka kafin a tura. Sakamakon WAEC na fitowa ka sa a ɗora shi a CAPS, wato shafin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, in ba haka ba ba za a ba ka gurbi ba ko makinka nawa ne. In makin bai kai ba, ana iya sauya kwas ko makaranta.

Kawu, Yauri:
Darussan nan huɗu suna buɗe ƙofar jinya, gwaje-gwajen asibiti da noma, ba likitanci kaɗai ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga ta Aliero, ga ta aikin gona a Zuru. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru kuma ƙaramar difloma (ND) shekara 2 ce, in sakamako ya yi kyau ka nemi aji biyu a jami'a.

Batun Baba kuwa, kada ka yi musu da shi. Nemi malaminka ko baffanka su zauna da shi da takardar sakamakon a hannu, a nuna masa zaɓi na ɗaya da na biyu. Allah Ya yi maka zaɓin alheri.