Ta yaya za mu yi zanga-zanga a Gusau ba a juya mana magana ba?

Jama'a, a taimaka min da shawara. Mu matasa ne a Gusau, muna son fita zanga-zangar lumana kan kuɗin tsaro da ake zubawa kowace shekara, alhali a Janairu 2025 jirgin yaƙi ya kashe 'yan sa-kai da farar hula a Tungar Kara, ƙaramar hukumar Maradun.

Inda muka maƙale: dattawan unguwa suna cewa duk mai taɓa kasafin soja ɗan koren 'yan bindiga ne, kuma ban ga laifinsu ba, garuruwansu aka ƙone. Sannan tsoron abin da ya faru a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024 ya hana iyaye sakin 'ya'yansu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba mu 'yancin taro, amma wa za mu fara samu, sarki ko malamai? Kuma da wace kalma za mu nemi a bi diddigin kuɗin nan?