Wace kalmar Hausa ce ta dace da "rival"?

Jama'a, ina so mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan ta Turanci, rival. Jiya na ji mai sharhin ƙwallo yana cewa Barcelona za ta kara da "abokiyar gabarta" Real Madrid, abin ya tsaya mini a rai. Gaba fa ta waɗanda ba sa ga maciji da juna ce, ko gaisuwa babu.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da. Rivus shi ne rafi, rivalis kuwa mutumin da kuke shan ruwan rafi ɗaya da shi. A ƙarni na 16 ta shiga Turanci. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura ko Kadawa ya san wannan mutumin. Gonarsa na jikin taka, magudana ɗaya ke shayar da tumatirinku. Ka yi sammako ka tarar ya toshe bakin ruwa da laka ya karkatar da shi wajensa, ka sa fartanya ka buɗe, ku yi ta cacar baki, da la'asar kuma kuna inuwa ɗaya kuna cin rogo da ƙuli. Abu ɗaya kuke nema, ba ya isar ku duka a lokaci guda, shi ya sa kowa ke sa ido kan ɗan uwansa.

A ma'ana, kishiya ta fi kowace kusa, tunda gida ɗaya ne, miji ɗaya. Sai dai nauyin gidan aure ya yi mata yawa, ba na jin kunne zai karɓi a kira Ronaldo kishiyar Messi. Adawa daga Larabci take, asalinta ƙiyayya, mun kuma bar wa 'yan siyasa ita. Abokin karawa shi ne wanda kuka haɗu a fili yau, gobe wani ne daban.

Ni dai abokin burmi na zaɓa. Burmi ƙwarya ce da ake kifawa kan 'yar uwarta, sai bakinsu ya zo daidai take zama. Abin da rival ke bukata ke nan: tsara, wanda ƙarfinku ya zo ɗaya, kuka daɗe kuna gwabzawa har ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Daga 2009 zuwa 2018 Ronaldo na Madrid, Messi na Barcelona. Yau Messi na da Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya na shekara, guda 8, Ronaldo 5. Ƙaramar ƙungiyar da Madrid ke lallasawa duk shekara ba abokiyar burminta ba ce.

A siyasa da kasuwanci a bar abokin hamayya, ya riga ya zauna a bakin mutane. A wasa da gasa kuwa mu ce abokin burmi, mace abokiyar burmi, jam'i abokan burmi.