Da me zan auna yadda halin wurin aiki ke shafar ciniki?

Mai kula da ma'aikata:
Assalamu alaikum. Ni ce ke riƙe da sashen ma'aikata a wani kamfanin rarraba kaya. Cikin wata takwas direbobi huɗu sun ajiye aiki, alhali albashinmu ba laifi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na ranar Talata: wani yaro a sito ya loda kaya a motar da ba ita ba. Tun da safe ya gane, amma ya ja bakinsa ya tsuke har yamma don tsoron tsawar manaja. Kwastoma ya soke odar. Maigida ya ce shi lissafi kawai ya sani. Me zan rubuta in kai masa?

Tsohon akawu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ba shi lissafin da yake so. Kowane direba da ya tafi, kwana nawa motarsa ta yi a ajiye, nawa aka kashe wajen koya wa sabo hanya? Sannan ki buɗe littafi guda: yaushe aka yi kuskure, yaushe labari ya iso sama. Tazarar nan ita ce ma'aunin tsoron da ke gidan.

Injiniya:
Ki ba shi labarin masana'antar motoci ta Fremont a Amurka. General Motors ta rufe ta a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta tare da Toyota, da akasarin tsoffin ma'aikatan. Aka ba kowa damar jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci in ya ga matsala, ba mai hantararsa. Ingancin motocin ya tashi sosai.

Malama:
'Yar'uwa, kada hankalinki ya tashi in rahoton kurakurai ya ƙaru bayan gyara. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta tarar da haka a asibitoci: rukunin da suka fi jituwa sun fi bayyana kuskurensu. Kuma hauhawar ciniki kaɗai na iya ruɗar mutum. Bankin Wells Fargo ya matsa wa ma'aikata lamba har suka riƙa buɗe asusu ba da sanin masu shi ba, aka ci shi tarar dala miliyan 185 a 2016.

Mai kula da ma'aikata:
Na gode ƙwarai. Gobe zan buɗe littafin. Amma Baba akawu, manajan nan ƙanin maigida ne. Ta ina zan ɓullo wa maganar?