Man 2T nawa ake zubawa a jarkar fetur ta injin jirgin ruwa?

Matuƙi daga Yauri

Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya sayo sabon injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ya ɗora wa kwale-kwalenmu, ni zan riƙa tuƙawa, muna ɗaukar mutane da buhunan shinkafa. Abin da ya dame ni, kowa da tasa maganar a kan haɗa mai. Wani dattijo a bakin ruwa ya ce in zuba baƙin man mota, wai duk mai mai ne, ga shi da araha. Wani ya ce 2T kawai, wato man inji da aka yi don a gauraya shi da fetur. Wani kuma da ido yake awo, ya tsiyaya har fetur ya sauya launi, shi ke nan. Kuɗin injin nan bashi ne, ba na so ya buga a hannuna. Nawa ake zubawa a jarka mai lita 25? In na haɗa ya jima a ajiye, zai lalace?

Bakanike na Jega

Wa alaikumus salam. Ƙanena, gara da ka tambaya tun ba ka ja igiya ba.

Irin injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, ba kamar mota ba ko injin ban ruwa na fadama. Man da ka gauraya da fetur shi kaɗai ke shafa fistin da zobba da boris. Yana bi ta cikin injin, ya ƙone tare da fetur, ya fita ta salansa. An yi 2T ne don ya ƙone bai bar datti da yawa ba. Baƙin man mota kuwa an yi shi ya zauna cikin inji yana zagayawa, in ka tilasta masa ƙonewa sai ya bar toka da gawayi.

Ina ganin sakamakon a kan teburina. Ka kwance injin da aka sha zuba masa baƙin mai, ka tarar zobe ya manne cikin raminsa, ko motsi ba ya yi, ƙofar hayaƙi ta cushe da baƙin abu mai tauri sai an kankare da sukundireba. Mai injin ya ce wai ƙarfinsa ne ya ragu haka kawai. Wanda kuma ya rage mai ya fi shiga uku: fistin ya yi zafi ya kama jikin silinda, ka ga zane-zane a jikinsa daga sama har ƙasa. Wannan ba gyaran ɗari biyar ba ne.

Awon da aka saba ga injinka shi ne fetur kashi 50, mai kashi 1. Wato lita 1 ta fetur, mililita 20 na 2T. Lita 10, mililita 200. Jarkarka mai lita 25 rabin lita take ci, daidai robar ruwan sha ta 50cl a cike, amma busasshiya, kada ɗigon ruwa ya rage a ciki. Tunda sabo ne, awa 10 na farko ka ninka man, 25 da 1, lita guda cur a jarkar, kuma kada ka buɗe masa wuta duka a lokacin. Ka duba littafin da ya zo da shi, abin da ya ce shi ne magana.

Wajen sayen 2T ka juya robarsa ka karanta. Injin jirgi ruwa ke sanyaya shi, man da ya dace da shi an rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Kuma a jarka ake haɗawa: fetur kaɗan tukuna, sai mai, ka rufe ka girgiza sosai, ka cika, ka sake girgizawa.

Tsohon Sarkawa

Bakanike ya faɗi gaskiya, ɗana, sai dai akwai abin da na kan tudu bai cika sani ba. Mu mafi yawan fetur ɗinmu a hannun 'yan bumburutu muke saye, wani da ruwa a ƙasansa, wani an tsarma masa kalanzir. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙaru, har matuƙa suka fara tsuke 2T don su rage kashe kuɗi. Ni nakan ɗan ƙara kan awo, hankalina ya fi kwanciya. Kuma ka zuba fetur a farar kwalba ka bar shi ya natsa, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Inji ya mutu maka a tsakiyar kogin Neja da mata da yara a ciki, Allah Ya kiyaye.

Bakanike na Jega

Amin, Baba. Gwajin kwalba na karɓa hannu biyu. Ƙarin man ne ban yarda da shi ba, don yawan 2T ba ya gyara gurɓataccen fetur, filogi kawai yake jiƙawa. Shi ma mutuwar inji ce a tsakiyar ruwa. Ƙanena, ka riƙa kwance filogi kana dubawa: bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. Ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa ko ba mai kyau ba ne. Ka riƙe filogi na biyu da sifana a cikin jirgi kullum.

Batun ajiya, kada haɗi ya wuce wata guda, da zafin nan namu ma gara ka haɗa na 'yan kwanaki. Jarka a rufe gam, a inuwa, nesa da murhun masu ƙyafe kifi. In ta kwana, girgiza kafin ka zuba.

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi

Sannunku. Malam bakanike, ni ƙaramin janareta Tiger gare ni, ina ɗinki da dare. Hayaƙinsa ya ishe mu, har maƙwabciyata ta yi magana. Yaron da ke sayo min mai baƙin mai yake zubawa. Shi ma awon ɗaya ne?

Bakanike na Jega

Hajiya, galibinsu 50 da 1 ne, ki duba takardar da ke manne a kan tankin. Lita 4 ta fetur, mililita 80. Ki sayi sirinji mai mililita 20 a kemis, ki cire allurar, cikinsa huɗu ke nan. Naki iska ke sanyaya shi, don haka 2T irin na babur za ki nema, mai JASO FC ko FD a jiki. A wanke filogi da salansa sau ɗaya, hayaƙin zai ragu sosai.

Amma don Allah, ko ya daina hayaƙi, kada ya kwana a zaure ko gindin taga. Gubar da ke kashe mutane cikin barci ba a ganinta, ba ta da wari. A kai shi tsakar gida, kuma kada yaron ya zuba masa mai yana aiki ko da zafinsa, ya kashe shi ya huce tukuna.