Me ke yaye mayafin gas da ke lulluɓe taurari biyu: falaki ko haidurojin?

Dakta: Ni dai ina kan bakana, makamashin zagayen taurarin kaɗai ya isa ya yaye mayafin. Ƙaton tauraro ya kumbura ya lulluɓe abokinsa, abokin na ratsa gas, gogayya na tsuke falakinsa, wato da'irar zagayensa, makamashin da ya rasa kuwa shi ke hankaɗa mayafin waje. Lissafin alfa na Webbink ke nan, 1984; alfa ita ce kason makamashin zagaye da ke shiga korar mayafin. Ga V471 Tauri: farin wada (cibiyar ƙaton da ta rage bayan mayafin ya tafi) da abokinsa suna gama zagaye cikin awa 12 da rabi, tazarar da ƙato ba zai shiga ba, ke nan falakin ya tsuke.

Malama: Ranka ya daɗe, V471 Tauri ya nuna mayafin ya tafi, bai faɗi wanda ya kore shi ba. A kwaikwayon kwamfuta na 2012, na su Passy da na Ricker da Taam, gas ɗin da ya kuɓuta bai kai sulusi ba. Saura ya ɗaga kawai, nauyi na riƙe da shi. Da zarar gas ya yi nisa da taurarin, gogayya ta mutu, falakin ya daina tsukewa, makamashi ya yanke.

Ɗalibi: Ashe a nan haidurojin ke shigowa? Idan gas ya huce, elektiron ya koma gurbinsa, kowace zarra ta saki makamashi eV 13.6 (eV ma'aunin makamashi ne). Su Nandez da Ivanova sun saka wannan a kwaikwayonsu na 2015, kusan duk mayafin ya fice.

Malam: Sannu a hankali, ɗana. Haidurojin na haɗewa da elektiron ɗinsa ne wajen digiri 10,000, kusa da fatar tauraro, inda haske ke sulalewa. Zafin da ya tsere a matsayin haske bai tura komai ba. Ƙorafin Soker ke nan. Hiliyom na fi yarda da shi: eV 54.4, kuma can ciki yake saki, inda ba mafita.

Malama: Malam, tsere ne tsakanin faɗaɗar gas da fitar haske. Inda mayafin ya yi kauri, faɗaɗa ke riga.

Dakta: To na sassauto, amma kafin a ɗora wa falaki gazawa a duba lamda, adadin da ke auna ƙarfin da nauyi ke riƙe mayafin da shi. A manyan taurari, ɗan gusar da iyakar da ke tsakanin cibiya da mayafi a lissafi yana sauya makamashin da ake buƙata ninki-ninki.

Malam: Kuma wani lokaci duka biyun kan gaza. Taurari biyun V1309 Scorpii suna zagaye juna cikin kusan kwana 1.4, lokacin na ta raguwa, a 2008 taurarin suka haɗe. Dakta, wace alfa za ka ba wannan?