Kuɗin tallafi marar sharaɗi: abin da muka gani a gidajenmu a Sudan

Malamin makaranta, Maiurno:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a ƙofar masallacinmu, inda wasu dattawa suka dage cewa miƙa wa talaka kuɗi a hannu ba tare da an ɗora masa sharaɗi ba lalata shi ne, gara a ba shi buhun dawa a san ya ci. Ban iya ba su amsa ba, domin kuɗin irin wannan bai taɓa shiga gidana ba. Saboda haka nake roƙon wanda ya taɓa karɓa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, banda jita-jita.

Uwar 'ya'ya shida, karkarar Kasala:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu mun karɓi na shirin Samarat, wanda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta fara a 2021 da kuɗin Bankin Duniya da ƙasashe masu ba da taimako, kuma jiharmu tana cikin huɗun farko. Ƙa'idar ita ce kwatankwacin dala 5 ga kowane mutum a wata, mu kuwa mu takwas ne, wato dala 40. Kuɗin ba su da yawa, musamman da yake a watan Fabrairun shekarar aka karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala guda. Amma da su na sayi maganin zazzaɓin autana a ranar da ya kwanta, ban jira an sayar da akuya ba, ragowar kuma na zuba a adashin matan unguwa. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 masu ba da kuɗin suka dakatar, adashinmu ma ya watse tun kwasa ba ta zagayo kan mata uku ba. Wannan har yau yana damuna.

Manomi, ƙauyukan Gadarif:
Ina so dattawan Malam su saurare ni da kyau, domin buhun dawa ba zai yi mini abin da kuɗi suka yi mini ba. Duk wanda ya noma 'yar gonarsa a ƙasar nan ya san bashin shel. A watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, ciyawa kuma ta taso tana neman cinye shuka, sai ka je wurin ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko kaya, a kan za ka biya shi da riɗi ko dawa idan kaka ta yi, a farashin da shi ya yanka tun amfanin yana ganye. Ranar girbi kana kallo a ɗora buhunanka a mota, abin da ya rage maka ba ya kai ka bazara, sai ka sake komawa ƙofarsa. Mahaifina a haka ya tsufa, ni ma a haka na fara.

Wata damina wata ƙungiyar agaji ta ba mu kuɗi daidai lokacin noman farko. Na biya masu ciyawa, na sayi abincin gida, ban taka shagon kowa ba. Riɗin da na yanka a Oktoba na riƙe shi har kasuwa ta gyaru, sannan na kai shi da ƙafata na yi ciniki. Ban yi arziki ba, amma a karon farko ni ne na ce "ban sallama ba" aka kuma saurare ni. Da kuɗin nan sun zo a Disamba, bayan na riga na ci bashi, da rabin amfaninsu ya tafi.

Dattijo, Damazin:
Ɗana, Allah ya ƙara albarka, maganarka gaskiya ce. Sai dai ni na ga wata fuskar. A ƙauyen da na fito an rubuta wasu gidaje an tsallake wasu, alhali tukunyarsu ɗaya ce a talauci, kuma maƙwabtan da a da suke fita gayya tare suka koma gaisuwa sama-sama. Sannan idan damina ta yanke hanya, mota ba ta shigowa, takardar kuɗi ba ta zama tuwo.

Baƙuwa daga Jazira, yanzu a Gadarif:
Baba, na shaida maganarka ta ƙarshe. Mun baro garinmu a Disamban 2023 da yaƙi ya ci birnin Wad Madani, ba mu ɗauko komai ba sai tufafin jikinmu. Tallafin da aka turo mana ta Bankak, manhajar banki ta waya, yake shigowa a wayar ƙanena, amma da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024 muka zauna da kuɗi a waya da yunwa a ciki. Ko da layi ya dawo, tsabar kuɗi ta yi wuya, mai shagon da ke canza mana sai ya cire kasonsa mai nauyi. Duk da haka, da za a ba ni zaɓi, kuɗin zan ɗauka. Wanda ya raba mana gari da mai bai san surukata tana da ciwon sukari ba, bai san hayar ɗaki ce ke hana ni barci ba. Ni na sani. Da tallafin da aka turo karo na uku na sayi murhu, buta da kofuna, yanzu shayi nake sayarwa a bakin tasha.

Ɗalibi, Jidda:
Inna, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Ga Malam kuma, akwai binciken da zai iya kai wa dattawa. A yankin Siaya na Kenya ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje fiye da 10,000 kimanin dala 1,000 kowanne, masana suka bi sawu, suka tarar cewa kowace dala ta haifar da hada-hadar kusan dala 2.5 a yankin, har waɗanda ba a ba su ba sun amfana ta hanyar ciniki da ƙwadago, farashi kuma bai tashi sosai ba. Amma can kasuwa a buɗe take kuma babu yaƙi, don haka ƙorafin Baba na Damazin yana nan daram.

Malamin makaranta, Maiurno:
Na gode muku duka. Gobe zan karanta wa dattawan labarin shel, domin biyu daga cikinsu suna bin manoma irin wannan bashi, ina kuma son in ji amsarsu. Yaya na Gadarif, ka sanar da mu ko daminar da ta biyo baya ka iya tsayuwa da ƙafarka, ko kuwa ka koma wurin ɗan kasuwar.